Ƙuru marar takardar asali: wane rukuni zai shiga a gasar nunin dawaki ta Birtaniya?

Daga watan Mayu zuwa Satumba, da wuya Asabar ko Lahadi ta wuce a karkarar Birtaniya ba a kewaye wani fili da igiya an yi gasar nunin dawaki ba. Wata gasar ta ƙauye ce, kulob ɗin mahaya na yankin ne ke shirya ta, wata kuma babba ce ta gunduma, har da shanu da tumaki da rumfunan abinci. Kafin ranar, masu shiri kan fitar da jadawali mai ɗauke da rukunoni da dama, kowanne da sharaɗinsa. A nan ne mai ƙuru, wato ɗan gajeren dokin nan da ba ya wuce santimita 148 ko ya tsufa, yake fara ruɗewa, musamman idan dabbar da ya saya wa 'yarsa ba ta da takardar da ke nuna uwarta da ubanta. Sau da yawa sai ya ji an ce ƙurunsa "ba shi da rajista", ya ɗauka an rufe masa ƙofa ke nan. Alhali ƙofa ɗaya ce tak aka rufe, sauran a buɗe suke. Sai dai ba kowace buɗaɗɗiyar ƙofa ce ta dace da shi ba.

Tushen ruɗanin shi ne takardu iri uku da mutane ke haɗawa a baki ɗaya.

Ta farko fasfo ne. Doka ta wajabta wa kusan kowane doki, ƙuru da jaki a Birtaniya ya mallaki fasfo, kuma tun watan Yulin 2009 duk dukushin da aka haifa sai an dasa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fatar wuya. A Ingila an faɗaɗa wannan ga manya ma daga Oktoban 2020. Wanda ya sayi doki yana da kwana 30 ya mayar da fasfon sunansa. Dalilin dokar ma ba shi da alaƙa da gasa: ana so a san wace dabba aka yi wa wane magani, don kada namanta ya shiga abincin mutane. Saboda haka fasfo yana iya fitowa tsaf, da zanen tabon goshi da farin ƙafa, amma a gurbin uwa da uba a rubuta "ba a sani ba". Irin wannan fasfon shaidar kai ne kurum.

Ta biyu ita ce rajistar tsatso. Kowane jinsin ƙuru na asalin ƙasar yana da ƙungiyar da ke riƙe da kundin zuriyarsa. Ta Shetland an kafa ta a 1890, ta Wales, wato Welsh Pony and Cob Society, a 1901. Shiga irin wannan kundi ba da kamanni ake yi ba. Sai uwa da uba suna ciki, mai ingarman ya bayar da takardar barbara, wani lokacin har a tsige gashi a yi gwajin ƙwayoyin halitta don a tabbatar. Idan mutanen dawaki suka ce ƙuru ba shi da rajista, wannan suke nufi.

Ta uku rajistar ƙungiyar gasa ce, kuma ita ce mutane suka fi jahilta. British Show Pony Society, wadda aka kafa a 1949, tana yi wa ƙuru rajista domin ya shiga gasanninta, kuma a yawancin rukunoninta ba ruwanta da ko waye ubansa. Abin da take buƙata shi ne mai dabbar da mahayin su zama mambobi, sannan a manyan gasanni a kawo takardar awon tsayi. Ke nan ƙurun da aka saya a kasuwar gwanjo ba a san asalinsa ba zai iya samun wannan rajista ta uku, ko da ta biyu ta gagare shi har abada.

To wace ƙofa ce a rufe? Ita ce ta rukunin da ake kira na tsauni da fako, wanda a jadawali ake taƙaita sunansa na Turanci, Mountain and Moorland, da M&M. Jinsi tara ne ke cikinsa: Shetland, Exmoor, Dartmoor, New Forest, Fell, Dales, Highland, Connemara na ƙasar Ailan, da kuma na Wales wanda shi kaɗai ya kasu huɗu, A, B, C da D. A wannan rukuni tambayar da alƙali ke amsawa ita ce: wannan dabba ta cika siffar jinsinta kuwa? Exmoor ana son bakinsa ya yi haske kamar ya tsoma a gari, kuma kada a ga ɗigon fari a jikinsa. Shetland ba ya wuce inci 42. Na Wales sashen A ba ya wuce kimanin santimita 122. Tunda ma'aunin jinsi ne, ba yadda za a yi a auna wanda ba a tabbatar da jinsinsa ba. Duk gasar da ke ƙarƙashin manyan ƙungiyoyi, ko wadda ake neman gurbin zuwa babbar gasar Horse of the Year Show da ake yi a Birmingham kowane Oktoba, za ta nemi lambar kundin tsatso a takardar shiga. Idan babu, babu.

Abin da ke da ɗan ban takaici shi ne, dubban dawakin ƙuru da ke yawo a kan tsaunukan ƙasar da gaske ba su cikin kundin kowa. A fakon Dartmoor akwai garkunan manoma da ake kira ƙurun tudu, masu launi iri-iri, daban da Dartmoor mai rajista. A tsaunukan Carneddau na arewacin Wales ma akwai wasu da suka daɗe suna rayuwa a sake. Su ne suka sha sanyi da ruwan saman tsaunin, amma a zoben gasa, wato filin da aka kewaye don nunin, ɗan uwansu da aka haifa a barga mai ɗumi shi ne ɗan tsauni, saboda takarda. Ba na ganin laifin ƙungiyoyin, domin in ba don kundin ba da Exmoor ya ɓace bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da 'yan kaɗan suka rage. Amma dai abin da ɗan ban dariya.

A gasar ƙauye lamarin ya fi sassauci, kuma nan ne karanta jadawali da natsuwa ke da amfani. Wani jadawalin zai ce rukunin na masu rajista ne kawai. Wani zai ce masu rajista da marasa rajista duk su zo. Wani kuma zai ware rukuni na musamman ga masu "kamannin" 'yan tsauni ko masu ruwa biyu. Kalma ɗaya ce ke bambanta su, kuma idan jadawalin ya yi shiru, sakatariyar gasa na da lambar waya. A kira ta a tambaya kafin a biya kuɗin shiga. Abin da ba ya kyau shi ne mutum ya lallaɓa ya shiga rukunin masu rajista da fatan ba wanda zai bincika. Duniyar dawakin ƙuru ƙarama ce, kowa ya san kowa, kuma dokokin gasa sun ba abokin takara damar shigar da ƙorafi a rubuce. Ranar da ƙurun ya ci na ɗaya, ranar ce za a tambayi takardarsa, yarinyar da ke kansa kuma ita za ta sha kunyar mayar da kyauta.

Akwai wata 'yar hanya ga wanda ya san rabin labarin dabbarsa. Idan an tabbatar uwa ko uba na cikin kundi, ana iya neman rajistar ruwa biyu. Ƙungiyar Wales, alal misali, tana karɓar dabbar da ke da aƙalla kashi 12.5 cikin ɗari na jinin Wales da aka tabbatar, wato ko da ɗaya ne cikin iyayen kakanninta takwas. Sai dai "wanda ya sayar mini ya ce ubansa ɗan Wales ne" ba hujja ba ce. Ana son takarda ko gwaji.

Yanzu mu koma kan ƙofofin da ke buɗe, domin a nan ainihin zaɓin yake. Hanya mafi sauƙi ta fahimtar jadawali ita ce mutum ya tambayi kansa a kan kowane rukuni: me aka ɗora wa alƙali ya duba a nan? Wani rukunin siffar jiki ake dubawa, wani launi, wani aiki, wani hali, wani kuma ƙoƙarin yaron da ke riƙe da dabbar.

Rukunonin siffa su ne suka fi yaudarar sabon shiga. Akwai ƙurun ado, wanda ake so ya zama kamar an ƙanƙanta dokin sukuwa: siririn ƙashi, ƙaramin kai, doguwar wuya, tafiya kamar ba ya taɓa ƙasa. Ana raba su da tsayi, santimita 128, 138 da 148. Sannan akwai ƙurun farauta na nuni, mai ɗan kauri da ƙashi, wanda in ka gan shi za ka yarda zai iya wuni yana ratsa gonaki da taɓo da yaro a bayansa. Shi kuma matakansa 122, 133, 143 da 153, duk da na ƙarshen ya ɗan haura iyakar ƙuru. Duka biyun ba sa neman takardar tsatso. Amma rashin neman takarda ba ya nufin kowa zai yi nasara. Ƙuru mai gajerun ƙafafu, faffaɗan baya da gashi buzu-buzu a dunduniya, in aka sa shi cikin 'yan ado, zai tsaya a ƙarshen layi komai tsabtarsa, domin ba irinsa aka ce a kawo ba. Yawancin marasa rajista da ake samu a hannun iyalai sun fi kusa da siffar ɗan farauta. Shawarar da masu harkar kan bayar ita ce a tsayar da ƙurun a ƙasa mai daidai, a ɗauki hotonsa daga gefe, a nuna wa wanda ba ya jin nauyinka. Mai abu ba ya ganin aibin abinsa, balle ƙurun da yara suka shaƙu da shi.

A ganina rukunin da ya fi yi wa marar takarda adalci shi ne na ƙurun farauta mai aiki. A nan sai an fara tsallake shingaye na katako da reshe, masu kama da abin da ake tararwa a gona, kafin a zo maganar kyau. A tsarin makin da aka saba, 50 cikin 100 na tsallake ne, 20 na salon tsallaken, sauran 30 kuma na ladabi da surar jiki. Kayar da sanda na cin maki goma, tirjiya ta farko sha biyar. Ka ga ke nan ƙurun da kansa ya ɗan yi girma ko wuyansa gajere ne, amma bai taɓa ƙin shinge ba, zai iya wuce kyakkyawan da ya tirje sau ɗaya. Illa iyaka a duba tsayin shingayen a jadawali a gwada da abin da yaron ya saba a gida, kuma a tuna ƙurun da ya saba da sanduna masu fenti yana iya tsorata da shingen reshe ko tiren ruwa ranar farko.

Idan aka bar zoben nuni gaba ɗaya aka koma gasar tsallake zalla, ko ta horon tafiya, ko wasannin guje-guje na yara da Pony Club, ƙungiyar yara mahaya da aka kafa a 1929, ke shiryawa, to nan ba mai tambayar asali sam. Agogo da sanda ne alƙalai, ko takardar maki. Masu harkar har yau suna tuna Stroller, ƙurun da aka haifa a Ailan, ruwa biyu, wanda tsayinsa bai kai santimita 148 ba. Shi ne ya ci gasar tsallake ta Hickstead Derby a 1967, sannan a gasar Olamfik ta 1968 a Meziko ya ɗauko lambar azurfa da Marion Coakes a kansa, a tsakiyar manyan dawakin duniya.

Launi ma ƙofa ce mai faɗi. Ƙurun da ke da dabbare-dabbaren fari da baƙi, ko fari da ja, irin wanda mu za mu kira danda, yana da nasa rukunonin, har da ƙungiyoyi irin su CHAPS, ƙungiyar dawaki masu dabbare-dabbare, da ke yi masa rajista saboda launin ko ba a san iyayensa ba. Sharaɗin shi ne farin ya hau jiki sosai, farin goshi da na ƙafa kaɗai ba su isa ba. Abin sha'awa, launin da ke hana dabba shiga kundin tsantsar jinin Wales shi ne ke ba ta gurbi a nan. A cikin rukunin kuma ana sake rabawa: masu siffar 'yan tsauni da kakkauran nan na gargajiya masu doguwar geza da gashin ƙafa, waɗanda matafiyan Romani da na Ailan suka daɗe suna kiwo ba tare da wani kundi ba, a gefe ɗaya, sirara da ake yi wa kitso a ɗaya gefen. Kada dai a ɗauka launin ake ba maki. Launi tikitin shiga ne, bayan an shiga sura da tafiya ake dubawa kamar ko'ina.

Wannan ya kawo mu maganar geza, wadda na ga tana tayar da gardama fiye da komai. Ƙa'idar ita ce ɗan tsauni mai rajista ana nuna shi yadda Allah ya yi shi, geza da wutsiya a sake. Ƙurun ado, ɗan farauta da mai ruwa biyu kuwa ana kitse musu geza a dunƙule ta ƙulli-ƙulli a bisa wuya. Marar rajista ya faɗa tsakiya, don haka rukunin da ya shiga ne ke yanke masa hukunci. In rukunin masu kamannin 'yan tsauni ne, a bar gezar. In na farauta ne, a kitse. Matsalar ita ce doguwar geza mai kauri ba ta kitsuwa da kyau sai an rage ta, kuma in an rage ta sai an yi watanni kafin ta dawo. Saboda haka tun farkon kakar gasa ya kamata a yanke shawarar wane ɓangare za a bi, a daina jan dabbar nan da can. Wanda ya sa ƙurunsa a rukunin sake da ƙarfe tara, na kitso da ƙarfe goma, zai yi safiyar yana fama da allura da zare a bayan mota, yaro na kuka, lasifika na kiran lambarsa. Kayan mahayi ma haka suke bin rukuni: kwat ta ulu mai ruwan ƙasa da linzami marar ado ga 'yan farauta da 'yan tsauni, kwat mai shuɗi mai duhu da madaurin goshi mai launi ga 'yan ado. Hular kwano mai maɗauri kuwa dole ce ga yara a ko'ina.

Tsayi kuma ba a yin sa da ƙiyasi. Turawan Ingila na auna doki da "hannu", wato inci huɗu, daga ƙasa zuwa ƙashin doron da ke tsakanin kafaɗu. Abin da suke rubutawa 14.2 yana nufin hannu goma sha huɗu da inci biyu, shi ne iyakar ƙuru. Abin da aka rubuta a fasfo tun dabbar na ƙarama ba abin dogaro ba ne. A gasar ƙauye sandar awo a gida ta wadatar, amma a manyan gasanni sai takardar hukumar awo ta haɗin gwiwa, JMB, wadda likitan dabbobi ke bayarwa bayan an cire takalman ƙarfe an tsayar da dabbar a daɓe mai daidai. Shekaru kuma daga 1 ga Janairu ake lissafa su, na doki da na mahayi, kuma ba a hawa ƙuru a zobe sai ya cika huɗu. Wanda bai kai ba sai rukunin ja da hannu.

Ga ƙananan yara akwai rukunin jan ragama, inda babba ke tafiya a gefe riƙe da igiyar da aka ɗaura a madaurin hanci, ba a linzami ba, da rukunin hawan farko inda yaro ke shiga shi kaɗai. A duka biyun ƙurun ba ya wuce santimita 122, kuma ladabi ya fi komai nauyi. Alƙali na tambayar kansa ne ko zai yarda ya ɗora jikansa a kan wannan dabba. Tsohon ƙuru marar asali da ya riga ya koya wa yara uku hawa yakan yi abin mamaki a nan.

Sannan ga rukunonin da manyan masu gasa ke ɗan rainawa, waɗanda kuma ni nake ganin su ne ƙashin bayan gasar ƙauye: ƙurun iyali, wanda ake so uwa ta hau, ɗa ya hau, bai canza hali ba, ƙuru mai dabara, da ke buɗe ƙofa da ratsa tsakanin sanduna, wanda ya fi tsabta da kyan shiri, inda ake duba har ƙarƙashin sirdi da cikin kofato, matashin mai riƙo, inda yaron ake aunawa, goɗiyar da ta fi kyau, har da ƙurun da alƙali zai fi so ya tafi da shi gida. Wasu gasannin na ware rukuni ga dabbobin da aka ceto daga wulaƙanci aka ba sababbin masu riƙo ta hannun ƙungiyoyin jinƙai irin su World Horse Welfare da Blue Cross, kuma kusan dukansu ba su da takardar asali. Wanda ya kai shekara 15 kuma ya shiga sahun dattawa, inda ake duba yadda ya riƙe jikinsa da lafiyar tafiyarsa gwargwadon shekarunsa. Gargaɗi ɗaya a kan rukunin "kyan jiki": kyan jiki ba ƙiba ba ne. Irin waɗannan dawaki an halicce su ne su rayu a kan ciyawa 'yar kaɗan, in aka cika su da abinci don su yi sheƙi sai ciwon kumburin cikin kofato ya kama su, ciwon da kan gurgunta dabba ko ya kai a kashe ta. Likitocin dabbobi a ƙasar sun daɗe suna kokawa da alƙalan da ke ba mai teɓa na ɗaya.

A fitar farko rukuni biyu sun isa, uku in da tazara tsakaninsu. Ƙurun da bai taɓa jin lasifika ba, bai taɓa ganin tuta na kaɗawa ko dawaki ashirin na sassarfa a bayansa ba, gara a fara da shi a rukunin ja da hannu da safe, in ya natsu a hau shi da rana. A tafi da fasfo, domin doka ta ce ya bi dabbar duk inda aka kai ta, kuma masu gasa da yawa na duba shafin allurar rigakafin murar dawaki tun a bakin ƙofa. In kwanan watan ya wuce, motar za ta juya gida ba tare da an sauke ƙurun ba. In kuma an dace, furen ƙyallen da za a maƙala masa a linzami ja ne ga na ɗaya, shuɗi na biyu, rawaya na uku, kore na huɗu. A Amurka shuɗin ne na ɗaya, don haka yaron da ya saba kallon gasar can a waya kada ya ɓata rai in aka miƙo masa ja.